Izinin Gini A Lokacin Annoba: Masu Ƙorafi Suna Da Hujja Kuwa?

Tambaya: A lokacin korona an rufe kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, amma a ƙasashe da dama an ba 'yan kwangila takardar izinin ci gaba da gine-gine. Na ji cewa a Indiya har kotu wasu suka je don a dakatar da wani aikin gwamnati, kotu ta kore su ta kuma ci su tara. Shin masu irin wannan ƙorafi suna da hujja ta gaskiya, ko adawar siyasa ce aka sa mata rigar lafiya?

Amsa: Malam, suna da hujja, kuma mai ƙarfi ce, sai dai yawancinsu ba a kanta suka fi ɗaga murya ba. Sana'ata lura da aikin gini ce da kariyar ma'aikata, saboda haka zan fara da abin da ke goyon bayan masu ba da izinin, domin wanda bai san shi ba zai yi ƙorafin da za a rushe cikin minti biyar.

Wurin gini ba ya tsayawa da umarnin rana ɗaya. Idan an haƙa ramin fandisho mai zurfi kusa da gidajen mutane, dole a ci gaba da zuƙe ruwan da ke taruwa a ciki ana duba tokaran da ke riƙe da gefensa, in ba haka ba ƙasa ta jiƙe ta zabtare, ta ja katangar maƙwabci. Idan an fara zuba dakin, wato rufin kankare, ba a tsayawa sai a wurin da injiniya ya tsara, domin kankaren da ya riga ya daskare ba ya kama sabo yadda ya kamata, wurin haɗin ya zama rauni a jikin ginin har ƙarshen rayuwarsa. Wanda aka gama zubawa yana son ban-ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Rodin da aka bari a fili zai yi tsatsa, simintin da ke sito zai dunƙule. Shi ya sa ko Boston, babban birni na farko a Amurka da ya dakatar da gine-gine, da magajin garinsa Marty Walsh ya ba da umarnin a tsakiyar Maris 2020, sai ya ba kamfanoni kusan mako guda su tsare wurarensu, ya kuma yarda a bar 'yan tsirarun ma'aikata masu gadi da duba lafiyar wurin.

Akwai kuma ginin da annobar ce ma ta wajabta shi. Asibitin Huoshenshan mai gado 1,000 a Wuhan cikin kimanin kwana 10 aka tsayar da shi. Cibiyar killace marasa lafiya ta filin wasa na Onikan a Legas da ta filin wasa na Sani Abacha a Kano ba da kansu suka tashi ba, kafintoci da masu walda da masu haɗa wuta ne suka fito aiki yayin da kowa ke gida. Bututun ruwan da ya fashe da gadar da ta tsage ba sa jiran annoba ta wuce. Duk wanda ya ce a hana gini gaba ɗaya bai yi tunanin waɗannan ba.

To tunda dole a bar wasu, rigimar ta koma kan tambaya guda: wa ke yanke cewa wannan aiki na dole ne wancan kuwa zai iya jira, kuma da wane ma'auni? A nan shari'ar Delhi da ka ambata take da darasi.

Aikin sunansa Central Vista, wato sake fasalin unguwar gwamnati a tsakiyar New Delhi, wanda ya haɗa da sabon ginin majalisar dokoki da ofisoshin ma'aikatu. Ɓangaren da aka kai ƙara a kansa shi ne gyaran babban titin faretin ƙasa, mai tsawon kusan kilomita 3 daga fadar shugaban ƙasa zuwa India Gate: shimfiɗa hanyoyin masu tafiya a ƙafa, haƙa mashigai a ƙarƙashin titi, banɗakuna, wuraren ajiye mota, ciyayi da magudanan ruwa na ado. Kamfanin Shapoorji Pallonji ne ya ci kwangilar a kan kimanin rupi biliyan 4.77. A ranar 19 ga Afrilu 2021 gwamnatin Delhi ta kafa dokar kulle saboda zagaye na biyu na cutar, kuma dokar ta ce ba a yarda da aikin gini ba sai inda ma'aikata ke kwana a wurin aikin. Amma aka sa wannan aiki cikin ayyukan dole, 'yan sanda suka ba motoci 180 takardar izinin zirga-zirga, aka riƙa kwaso leburori a bas daga sansanonin da suke kwana, kamar na Sarai Kale Khan.

Ka tuna halin da birnin ke ciki. A farkon Mayu 2021 Indiya tana samun sama da mutum 400,000 sababbin kamu a rana guda. Asibitocin Delhi suna roƙon iskar oksijin a bainar jama'a. A asibitin Batra, ranar 1 ga Mayu, marasa lafiya 12 suka rasu da iskar ta yanke, cikinsu har da likitan asibitin. Gwamnatin tarayya da kanta ta hana masana'antu amfani da oksijin mai ruwa don a karkatar da shi asibiti. A cikin wannan yanayi ne mutum biyu, mai aikin fassara Anya Malhotra da masanin tarihi Sohail Hashmi, suka shigar da ƙara. Ba su nemi a soke aikin ba. Sun nemi a dakatar da gyaran titin har kaifin annobar ya ragu, saboda lafiyar leburori da ta mutanen da suke cuɗanya da su.

Ranar 31 ga Mayu 2021 Babbar Kotun Delhi, ƙarƙashin Babban Alƙali D.N. Patel da Mai Shari'a Jyoti Singh, ta yi watsi da ƙarar. Ta ce aikin yana da muhimmanci ga ƙasa, yana da wa'adin kammalawa zuwa Nuwamba 2021 saboda faretin Ranar Jamhuriya na 26 ga Janairu, ta karɓi bayanin gwamnati cewa an tanadar wa ma'aikatan wurin kwana a wurin aikin ana kuma bin ƙa'idojin kariya, sannan ta ce ƙarar tana da wata manufa ta daban da ba ta amfanin jama'a ba, ta ci su tarar rupi 100,000. Ranar 29 ga Yuni Kotun Ƙoli ta ƙi taɓa hukuncin, tana tambayar me ya sa suka zaɓi wannan aiki shi kaɗai alhali akwai wasu gine-gine da ke gudana a birnin.

Ra'ayina ya rabu biyu a kan wannan. A bisa harafin doka, idan har ma'aikata sun koma kwana a wurin aiki, sharaɗin 19 ga Afrilu ya cika, kuma alƙali ba zai ƙirƙiro sabon sharaɗi ba. Masu ƙarar ma sun zo da raunin hujja: ba su kwatanta aikin da sauran wuraren gini ba. Amma tarar ban yarda da ita ba ko kaɗan. Takardun izinin motocin nan hukuma ce ta bayar, ba masu ƙara suka ƙago su ba, kuma su kaɗai sun isa a tambaya ko sharaɗin kwana a wurin aiki ya cika tun ranar farko. Tambayar Kotun Ƙoli ma tana da amsa: wannan aikin na gwamnatin tarayya ne, ita ce mai gini, 'yan sandan da suka ba da izinin kuma a ƙarƙashinta suke, don haka shi ya fi cancanta a fara dubawa. Batun wa'adi kuwa, an yi faretin Janairu 2022 a titin, amma ba a buɗe shi a hukumance ba sai 8 ga Satumba 2022, da sabon suna Kartavya Path, kusan wata 10 bayan Nuwamban da aka ce ba ya ɗaguwa. Jinkirin mako huɗu ko shida a tsakiyar annoba ba shi zai kashe aikin ba. Idan aka ci tarar ɗan ƙasa saboda ya tambayi dalilin keɓe wani aiki, gobe wanda ya ga ɓarnar gaske zai yi shiru, wanda zai biya kuɗin shirun kuwa lebura ne.

Siyasa ta shiga? Ta shiga. A watan Mayun nan shugabannin jam'iyyun adawa 12 sun rubuta wa Firaminista Narendra Modi wasiƙa suna neman a tsayar da aikin a karkatar da kuɗin zuwa oksijin da rigakafi. Amma shigar ɗan siyasa cikin magana ba ta mayar da gaskiyarta ƙarya. A auna ƙorafin da abin da ya ƙunsa.

Yanzu ga abin da na ce ba a cika ɗaga murya a kansa ba. Masu kare izini suna cewa aikin gini a fili ake yinsa, iska tana kaɗawa, haɗari kaɗan ne. Game da mai haƙa rami ko mai ɗaurin rodi a sarari, akwai gaskiya a ciki. Sai dai ma'aikaci ba a sarari yake wuni da kwana ba. Yana zuwa a bayan mota an cusa su kamar buhunan hatsi, yana layi a ƙofa ɗaya, yana cin abinci a rumfa ɗaya, yana shan ruwa da kofi ɗaya, mutum biyu suna ɗaga abu mai nauyi fuska da fuska. Da gini ya kai matakin filasta da tayil da haɗa wuta ya zama aikin cikin ɗaki, sau da yawa tagogi a rufe. Da dare kuma ya koma ɗakin da mutum goma sha ke kwana.

Singafo ce ta nuna wa duniya wannan. Ƙasar da aka yaba da yadda ta riƙe cutar tun farko, sai ga ta ta ɓarke a gidajen kwanan ma'aikata 'yan ƙasashen waje, mafi yawansu magina daga Bangladesh da Indiya, inda ɗaki guda ke ɗaukar mutum 12 zuwa 20. Zuwa Disamba 2020 gwamnati ta bayyana cewa cikin ma'aikata kimanin 323,000 da ke waɗannan gidaje, sama da 152,000 sun kamu, wato kashi 47 cikin 100. Waɗanda suka mutu kaɗan ne ƙwarai, domin galibinsu matasa ne masu ƙarfi kuma an ba su kulawa, amma an kulle su a ɗakunan watanni da yawa bayan sauran jama'a sun koma harkokinsu. A Austin ta jihar Texas kuma, hukumar birni ta taƙaita gine-gine a Maris 2020, Gwamna Greg Abbott ya soke taƙaitawar a ƙarshen watan ya ce duk gini aikin dole ne. Binciken da masanan Jami'ar Texas suka wallafa a Oktoba 2020 ya gano cewa yiwuwar a kwantar da magini a asibiti saboda korona ta kusa ninki 5 na ma'aikatan sauran sana'o'i a yankin.

Wannan ya sa ni kaina ban ɗauki sharaɗin Delhi na kwana a wurin aiki a matsayin kariya ga lebura ba. Yana kare mutanen gari daga lebura. Shi kuwa, idan rumfar kwanon da aka kafa masa ba ta da sarari da iska da ruwa da ɗakin ware mara lafiya, an dai tara su wuri guda ne cutar ta same su da sauƙi. Mu da muka san yadda sanƙarau ke bin cunkoson ɗakin kwana a lokacin zafi ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Ƙorafi na gaba shi ne na rashin adalci wajen rabon izini, kuma jihar Pennsylvania a Amurka ce misalinsa. Gwamna Tom Wolf ya rufe duk sana'ar da ba ta shafi raya rai ba ranar 19 ga Maris 2020, har da gine-gine, ya buɗe ƙofar neman sassauci. Sama da takardu 42,000 suka shigo cikin makonni biyu. Sai aka riƙa ganin kamfani biyu masu aiki iri ɗaya, an ba ɗaya an hana ɗaya, ba tare da bayani ba, gwamnati kuma ta daɗe tana ƙin fitar da sunayen waɗanda aka ba. Da 'yan jarida suka gano cewa kamfanin kayan kicin da gwamnan ya taɓa mallaka yana cikin waɗanda suka samu, sai aka janye masa. A Satumba 2021 babban mai binciken kuɗi na jihar, Timothy DeFoor, ya fitar da rahoton da ya ce tsarin yana da nakasu kuma an yanke hukunce-hukunce masu cin karo da juna. A New York, umarnin farko na Gwamna Andrew Cuomo ya ɗauki gini gaba ɗaya a matsayin aikin dole, har da dogayen benaye na attajirai. Sai da ma'aikata da kansilolin birni suka yi ta kuka kafin a taƙaita shi ranar 27 ga Maris zuwa hanyoyi, gadoji, sufuri, wuta da ruwa, asibitoci, gidaje masu rangwame da matsugunan marasa gida, da tarar da ta kai dala 10,000 ga mai saɓawa. Abin da New York ta yi daidai daga baya shi ne hukumar gine-ginen birnin ta sa taswira a intanet mai nuna kowane wurin da aka ba izini, kowa ya duba na unguwarsa. Ni a wurina wannan taswira ta fi tarar amfani.

Maƙwabta ma suna da nasu kukan, kuma ana yawan raina shi. A Ingila gwamnati ba ta rufe wuraren gini ba, duk da magajin garin Landan Sadiq Khan ya tsayar da ayyukan hukumar sufurin birnin da na sabon layin jirgin ƙasa na Crossrail ya kuma nemi a tsayar da sauran. A Mayu 2020 ministan gidaje Robert Jenrick ya umarci ƙananan hukumomi su yarda a tsawaita aiki har ƙarfe 9 na dare, Litinin zuwa Asabar, a unguwannin zama, daga baya doka ta ce idan hukuma ba ta amsa buƙata cikin kwana 14 ba an ɗauka ta amince. Dalilin yana da ma'ana, a raba ma'aikata kashi-kashi don rage cunkoso a wurin aiki da cikin jirgin ƙasa. Amma wanda ke jin ƙarar injin fasa kankare har dare shi ne wanda doka ta hana fita daga gida, wataƙila yana jinyar numfashi, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce da ta kwana a asibiti take son barci. An ba da izini a lokacin da aka rufe ofisoshin da zai je ya kai kuka.

Inda masu ƙorafi suka fi rauni shi ne cikin lebura. Birkila da mai kwaɓa siminti a Delhi, kamar takwarorinsu a Kano ko Maraɗi, kuɗin yini suke ci, ranar da ba aiki ba cefane. Da Modi ya sanar da kulle ƙasa na kwana 21 ranar 24 ga Maris 2020 da sanarwar awa 4 kacal, miliyoyin 'yan ci-rani suka kama hanyar ƙauyukansu, da yawa a ƙafa. Ranar 8 ga Mayu jirgin ƙasan kaya ya take mutum 16 kusa da Aurangabad, gajiya ta sa sun kwanta a kan layin dogo. Ma'aikatan masana'antar ƙarfe ne su, amma hanyar da suka bi ita magina suka bi. Duk wanda ya ce a rufe wurin gini bai faɗi wa zai ciyar da ma'aikata ba, rabin magana ya yi, kuma leburan da yake ikirarin karewa zai iya zama na farko da zai juya masa baya. Abin takaici shi ne Indiya tana da kuɗin wannan. Dokar 1996 ta jin daɗin ma'aikatan gini ta sa ana cire kashi 1 cikin 100 na kuɗin kowane babban gini a zuba a asusu, kuma a Maris 2020 ma'aikatar ƙwadago ta ce akwai kimanin rupi biliyan 520 a ajiye. Gwamnatin Delhi ta biya rupi 5,000 ga kowane magini mai rajista, amma ɗimbin 'yan ci-rani ba su da rajistar. Ƙarar da ta haɗa buƙatar dakatarwa da buƙatar a biya albashin kwanakin hutu daga aljihun mai aiki ko daga wannan asusu, da ta fi wuyar korewa.

Idan irin wannan ta sake zuwa, Malam, kuma kai ne maƙwabcin wurin ko ɗan'uwan ma'aikaci, kada ka tsaya ga cewa ba ka yarda da ginin ba. Nemi ganin takardar izinin kanta, ka duba wace hukuma ta sa hannu da kuma wane sashe na dokar ta-ɓaci ta dogara da shi, domin izinin gini na hukumar tsara birane daban yake da izinin yin aiki a cikin dokar kulle, kuma 'yan kwangila sukan nuna na farko a madadin na biyu. A Najeriya Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambaya a rubuce, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Tambayi abin da zai lalace ko ya jawo haɗari idan aka jinkirta wata guda. Idan amsar rami ce a buɗe ko dakin da ba a gama ba, a ba da izinin kammala wannan ɓangaren kawai, da ranar ƙarewa a rubuce. Idan amsar ita ce ranar bikin buɗewa za ta goce, ka samu hujjarka. Sannan ka bi sawun ma'aikatan: mutum nawa a mota, mutum nawa a ɗaki, ina ruwan wanke hannu, ina ake kai wanda ya kwanta, kuma ana biyansa kuɗin ranakun da ya yi jinya? Wannan na ƙarshe ka dage a kansa, domin leburan da zai rasa kuɗin yini idan ya ce yana zazzaɓi zai sha magani ya ɓoye, ya hau motar safe tare da sauran. Rubuta ranaku da lokuta, ɗauki hoton motocin daga kan titi, ka kai ga hukumar lafiya da ta ƙwadago a rubuce kafin ka nufi kotu, domin abu na farko da alƙali zai tambaye ka shi ne ko ka ba hukuma damar gyarawa.